Yadda za ki gyara abincin gidanki ya zama mai gina jiki da kuɗin cefanen da kika saba karɓa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar nan ta yi yawa, gidan suna ne ko gidan biki sai wata ta ja ni gefe ta ce wai don Allah mene ne ma abinci mai gina jikin nan da ake ta faɗa a wajen awo, kuma ta ina mutum zai fara a wannan tsadar rayuwar. Da yawanmu da an ce abinci mai gina jiki sai hankalinmu ya tafi kan kaji da tuffa da madarar gwangwani, sai mu ce ai wannan na masu hali ne. Toh ba haka ba ne. Matsalar yawancin gidajenmu ita ce dutsen tuwo da 'yar miya a gefe, ciki ya cika dam amma jiki bai samu abin da yake nema ba. Ga yadda za ki bi, kuma ki bi shi a jere, kar ki tsallake na farko don shi ne mutane suka fi rainawa.

Kayan aikin ba yawa: tsohon littafin makarantar yara da biro, ƙaramin cokalin shayi guda ɗaya da za ki ware don awo kawai, gwangwanin madara da babu komai ciki, sai kwano na daban ga kowane ƙaramin yaro.

1. Ki fara rubuta abin da kuke ci

Kwana uku, kar ki canza komai, ki dai rubuta duk abin da aka ci a gidan daga karin kumallo zuwa na dare har da ciye-ciyen yara, alawa, biskit, lemon leda, duka. Bawon magi kuma kar ki zubar, ki dinga jefa shi cikin gwangwanin nan.

Ni da na yi nawa kunya ta kama ni. Koko da burodi da safe, taliya da manja da yaji da rana, tuwon masara da miyar kuka da dare, washegari shinkafa da mai da yaji. Wato masara, alkama, shinkafa, alkama, abu ɗaya muke ta juyawa cikin kaya daban-daban. Da na juye gwangwanin a tire ranar farko bawon magi goma sha ɗaya na ƙirga, na sake ƙirgawa don ban yarda ba.

Gargaɗi: kar ki gyara girki don kin san kina rubutawa, kanki za ki yaudara.

2. Ki raba abincin gida huɗu

Ba sai kin haddace sunayen Turawa ba. Ki duba abin da kika rubuta ki sa kowanne a gidansa.

Masu ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, alkama, doya, rogo, dankali, taliya, burodi, gurasa.

Masu gina jiki, su ake kira furotin: wake, waken suya da awararsa, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, gurjiya, daddawa, ƙwai, kifi ɗanye ko busasshe, nama, nono da kindirmo, har fara.

Masu kare jiki daga cuta: duk wani ganye, zogale, alayyahu, rama, yakuwa, lalo, tafasa, kuka, sai kuɓewa, kabewa, karas, kabeji, tumatir, yalo, da 'ya'yan itace irin su gwanda, gwaiba, mangwaro, lemo, kankana, ayaba.

Mai: manja, man gyaɗa, man shanu. Ana buƙatarsa amma kaɗan.

Idan kin gama za ki ga gida na farko ya cika ya batse, na biyu da na uku sun zama kango. Aikin da ke gabanki kenan.

3. Ki juya farantin

Nan ne ainihin maganar take. Ki ɗauki farantin da kike ci ki raba shi da ido. Rabi na ganye da kayan lambu ne, ko a miya ko a kwaɗo ko a yanka su ɗanye. Kashi ɗaya cikin huɗu na mai gina jiki, wake ko kifi ko ƙwai ko awara. Ragowar kashi ɗayan shi ne na tuwo ko shinkafa. Na san wata za ta ce tabɗi, malmala ɗaya ina za ta kai maigida. Gaskiya ne, mai aikin ƙarfi, manomi ko birkila ko ɗan dako, tuwonsa dole ya fi na wanda ke wuni a zaune a shago ko ofis, ba a hana shi ba, amma shi ma a ninka masa miya. Abin da nake so ki riƙe shi ne miyar ce abincin, tuwo rakiya yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin. Idan ba ki da sikeli ki ƙiyasta da hannu, kamar cikin tafin hannunki sau biyar a wuni. Misali lemo ɗaya da safe, kwaɗon zogale da rana wanda zai kai biyu, miyar alayyahu mai kauri da dare, da yankan gwanda. Kinga ba abin a zo a gani ba ne.

Wani abin da iyayenmu suka daɗe suna yi ba tare da an koya musu a aji ba shi ne haɗa hatsi da wake. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa, idan suka haɗu sai ɗaya ya cike na ɗaya. Shi ya sa shinkafa da wake, ɗan wake, koko da ƙosai, fura da nono, dambu da zogale da gyaɗa duk abinci ne na ƙwarai. Sai dai garau-garau ɗinmu na yanzu sai kin sa tocila kafin ki ga waken. Ki mayar da shi gwangwani biyu na shinkafa, ɗaya na wake, in da hali ma a yi kai da kai, a yanka kabeji ko latas da tumatir da albasa a kai, man kuma cokali ɗaya zuwa biyu ya isa mutum ɗaya, ba sai ya kwanta a gindin kwano ba.

Idan a tire ɗaya kuke ci, toh ki cire wa yaran da ba su kai shekara biyar ba nasu a kwanonsu. Ƙaramin yaro ba ya iya kokawa da yayyensa, kafin ya kai loma uku an share tiren, kuma a kwanonsa ne za ki san ko ya ci ko bai ci ba. Al'adar nan ta kwashe tsokar nama duka a kai kwanon maigida a bar wa yara romo ita ma a sassauta, yaro mai tasowa da mai ciki da mai shayarwa sun fi kowa buƙata. Da maganar nan ta yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, don Allah a bar ta haka nan.

Gargaɗi: mai ciwon suga ko ciwon ƙoda kar ya ɗauki wannan rabon kai tsaye, musamman mai ƙoda akwai ganye da wake da 'ya'yan itacen da likita zai iya taƙaita masa. Ya bi abin da aka tsara masa a asibiti.

4. Cefane

Ba zan rubuta farashi ba don kafin ki gama karantawa ya canza. Amma ga yadda za ki raba. A duk naira dubu ɗaya ta cefanen yau da kullum, idan akwai hatsi a gida, ki fara ware ɗari huɗu ta mai gina jiki, ɗari uku zuwa huɗu ta ganye da kayan miya da ɗan abin marmari, ragowar ita ce ta mai da su magi. Ki fara sayen na farkon, don in kika bar shi ƙarshe kuɗin sun ƙare.

Furotin mafi araha a wajenmu wake ne da waken suya da ƙuli da busasshen kifi ƙanana. Kuɗin da za ki sayi nama yanka huɗu da ba zai zagaya gida ba, in kika sa shi a waken suya za ki yi awarar da kowa zai ƙoshi. Ƙananan kifin nan da ake dakawa da ƙayarsu suna da sinadarin ƙarfafa ƙashi, ki daka ki ajiye a kwalba kina barbaɗawa a miya da faten yara.

Ki bi lokaci. Hatsi da wake da gyaɗa da kaka ake saye in Allah ya hore, wanda ke Kano ya san bambancin Dawanau da mai shagon unguwa, haka kayan gwari a 'Yankaba. Tumatir da tattasai da karas da kabeji suna araha da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin ake yanka tumatir a shanya kauɗa. Mangwaro da bazara, ganye kuwa da damina har kyauta ake samu. In kina da ɗan fili ko da bayan ɗaki ne ki dasa zogale biyu, alayyahu kuma ko a tsohon buhu yana yi.

Gishiri ki sayi na leda mai aidin, shi ke kare maƙoƙo kuma ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki tana buƙatarsa, ki rufe shi a kwalba. A Najeriya doka ce a sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa na kamfani, za ki ga ɗan hoton ido a jikin ledar ko jarkar, ki duba shi tare da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Gargaɗi: gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ko ta canza launi, ko kika tauna kika ji ɗaci, zubar da ita. Akwai guba a ciki mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta, ko kin soya ko kin dafa tana nan. Arahar irin wannan gyaɗar ba araha ba ce. Wake kuma in kika buɗe kika ji warin maganin ƙwari ki bar wa mai shi kayansa.

5. A bakin murhu

Nan ne ake asarar abin da aka sayo da kuɗi.

Surfe: akwai amfanin hatsi mai yawa a dusarsa, mu kuma sai mu surfe masara tas mu ba akuya dusar mu ci farin. Ba na ce ki daina surfe rana ɗaya ba, mutan gidan za su yi bore. Ki fara da gero da dawa, a wanke a rege a shanya a niƙa haka nan ko a yi surfe sama-sama, ko ki haɗa rabi da rabi har baki ya saba. Wasu suna zuba gwangwani ɗaya na soyayyen waken suya a cikin kwanon masara kafin a kai inji, tuwon yana kyau kuma ba mai ganewa.

Kanwa: tana sa wake ya nuna da wuri, tana sa kuɓewa yauƙi, amma tana kashe wasu bitamin ɗin, kuma ita ma dangin gishiri ce ga mai hawan jini. Maimakon haka ki jiƙa wake tun dare, da safe ki zubar da ruwan ki ɗora da sabo, zai nuna da wuri, ga sauƙin gawayi ko gas, ga raguwar kumburin ciki. In dole sai kin sa, ɗan mitsitsi.

Ganye: ki wanke kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba. Ki zuba shi ƙarshe, minti biyar ya isa alayyahu, a sauke yana kore. Ganyen da ya koma kalar ƙasa an gama da shi. Zogale in kin dafa kar ki cika ruwa ki zo kina tsiyayewa, ki sa daidai wanda zai tsotse. In shanya ganye za ki yi a inuwa ake yi ba a tsakar rana ba. Kuma ganye yana son ɗan maiƙo kafin jiki ya ɗebi bitamin A ɗin da ke ciki, shi ya sa kwaɗo da ƙuli ya yi daidai.

Manja: jan nan nasa shi ne amfaninsa. In kika bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari kin ƙone abin da kika saya. Ki narka shi kawai ki zuba albasa.

Suya: ƙosai yau, awara gobe, dankali jibi, duk a mai ɗaya har ya koma baƙi kamar na inji. Man da ya yi duhu ko yake kumfa ko ya canza wari a zubar. A riƙa canzawa da alale, da dafaffiyar awara cikin miya, da gasasshen kifi.

6. Gishiri da magi

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babban mutum kar ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, na wuni guda gaba ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da taliyar yara da yaji. Yara ƙasa da haka. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, toh ki koma kan gwangwaninki ki yi lissafi.

Kar ki yanke lokaci ɗaya, za a ce girkinki ya lalace. Duk sati ki rage dunƙule ɗaya a tukunya, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Gurbin ki cike da daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, dakakken kifi. Daddawar kalwa ita ce magin kakanninmu kuma ita har furotin gare ta. Gishirin ki dinga aunawa da cokalin da kika ware ki daina ɗiba da hannu. Ni yanzu daga sha ɗaya na dawo huɗu, kuma ba wanda ya taɓa cewa uffan sai ranar da na yi gangancin cire duka, ranar kam har autana sai da ya ture kwano.

Yajin da ake barbaɗawa a kan komai shi ma ki duba shi, yawanci akwai magi da gishiri a cikinsa.

7. Abin sha

Sukari kar ya wuce kamar giram 50 a rana ga babba, wajen ƙaramin cokali goma sha biyu, in an tsaya a shida ya fi. Robar lemon kwalba guda ta rabin lita tana iya cinye wannan kason duka ita kaɗai. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na gida sun fi, amma in kin juye musu kofin sukari an koma gidan jiya. Ki rage rabi, ki sa dabino ko abarba kaɗan, zuma ma sukari ce a wajen jiki kar a ce don ta Allah ce a yi ta kwarara.

Shayi yana hana jiki ɗiban sinadarin ƙarin jini daga abinci. In kina fama da ƙarancin jini, ko kina da ciki, ki raba shayi da abinci da kamar awa ɗaya. Abin da ke taimakawa shi ne mai ɗan tsami, lemon zaƙi ko gwaiba bayan cin wake, ko ki matsa lemon tsami a kwaɗo.

Ruwa kuwa fitsarinki ne ma'auni, in ya yi ja ko ruwan ɗorawa sosai ki ƙara, musamman da zafin bazara.

Gargaɗi: ɗanyen nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da cuta daga saniya. Ki saya wajen wadda kika san tana dafawa kafin ta kwantar, kuma ki lura da ruwan da ake dama fura da shi.

8. Yara ƙanana da masu ciki

Wata shida na farko nonon uwa zalla, ko ruwa ba a bayarwa. Daga wata shida a fara abinci ana ci gaba da nono har shekara biyu. Daga wata 6 zuwa 8 sau biyu zuwa uku a rana, daga wata 9 sau uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa a tsakani.

Babban kuskuren shi ne koko tsararo kamar ruwa. Cikin jariri ɗan ƙarami ne, in kin cika shi da ruwa ba wurin abinci. Kunun ya yi kaurin da in kin karkata cokali ba zai zube da gudu ba.

Ga garin da za ki haɗa: gwangwani shida na hatsi, ki gauraya gero da dawa da masara, gwangwani uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Ki tsince kowanne ki wanke. Waken suya ki jiƙa shi ya kwana, ki murje bawon, ki shanya ya bushe ƙarau, sannan ki soya shi a kasko ba mai, wuta kaɗan kina juyawa har ya yi ja-ja ya fara ƙamshi. Hatsin da gyaɗar ma a soya sama-sama kowanne daban. In sun huce a haɗa a niƙa a tankaɗe a zuba a roba mai murfi. Wajen damawa a ruwan sanyi za ki kwaɓa, ki zuba a tafasasshen ruwa ki bar shi ya dahu sosai kina juyawa.

Gargaɗi: kar ki yi gaggawar suyar waken suyan. Karon farko da na yi ban bari ya soyu ba, kunun ya dinga wani ƙarni, yarinyar ta ƙi sha, garin kusan kwano guda sai kaji na ba. Wanda bai soyu ba yana kuma ɓata ciki. Ki yi kaɗan-kaɗan wanda zai ƙare cikin 'yan makonni saboda man gyaɗar yana sa shi ya yi ɗaci in ya daɗe.

Ban da kunu a ba yaro dafaffen ƙwai, faten wake, kabewa, gwanda, ayaba, kifin da aka cire wa ƙaya. Ba a ba wanda bai shekara ba zuma, kuma ba a sa masa gishiri ko magi. Gyaɗa guda-guda tana shaƙe ƙaramin yaro, a daka ta.

Mai ciki ta ƙara cin abinci sau ɗaya a kan yadda ta saba, ta sha maganin ƙarin jinin da ake bayarwa a wajen awo ko da tana cin zogale kullum, abinci ba ya maye gurbinsa. Hanta tana ƙara jini amma mai ciki kar ta yawaita ta. In kin ga yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wannan ya wuce gyaran kunu, a kai shi asibiti a auna damtsensa.

9. Ajiya da ɗumame

Dafaffen abinci kar ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki, in akwai firji da wuta a sa shi, in babu a dafa daidai ci. Na san ɗumamen tuwo ba ya barin gidan Bahaushe, toh a ɗumama shi har ya tafasa ya yi tururi ciki da waje, miyar ma a tafasa ta da dare kafin a kwanta a kuma sake da safe. Ɗumi-ɗumi ba ya kashe komai. Na jariri kuwa sabo ake dama masa kowane lokaci.

Latas da kabeji da karas da za a ci ɗanye a wanke su da ruwa mai tsafta ganye-ganye, wuƙa da faifan da aka yanka ɗanyen nama ko kifi a wanke da sabulu kafin su taɓa su.

Bayan sati biyu ki sake ɗauko littafin nan ki rubuta na kwana uku, ki ajiye shi kusa da na farko. In gida na biyu da na uku sun samu aƙalla abu ɗaya a kowane cin abinci, ki koma mataki na 6 ki sake cire dunƙule ɗaya.